Mita ta ce mil 58,400, birenbos ya ce da sauran magana: muhawara kan M3 ɗin da Abba ke son saya

Abba Gwale: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Na ga BMW M3 ta 2011, E92 mai ƙofa biyu, fara, a wajen wani dila a Abuja. Tokumbo ce daga Amurka, wata biyu ke nan da fitowarta daga tashar Tin Can. Mita tana nuna mil 58,400. Jiya na ɗana ta, wallahi har yanzu kukan injin nan yana kunnena. Dilan ya ce in ajiye kafin alƙalami kafin Juma'a don akwai wani mai so. Sai dai hankalina bai kwanta ba. Fatar sitiyarin ta yi sulɓi har tana ƙyalli, gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga ya lotsa ya tsattsage. Motar da ta yi mil dubu hamsin da takwas kacal za ta yi haka?

Bash Turbo: Wa alaikumus salam. Oga Abba M3 fa ka ce? V8 mai lita huɗu? Ka biya kawai, in ba ka so ka turo min lambar dilan.

Kawu Sale: Kai Bashir, da kuɗin wa za ka saya? Abba ɗana, wancan "akwai wani mai so" tun ina yaron mota nake jin sa. Kullum akwai wani mai so, kuma kullum ba a ganin sa. Ka leƙa ƙasa ka dubi robar birki. Ƙafa ba ta ƙarya. In robar ta cinye ta gefe har ƙarfe na leƙowa, to motar ta sha hanya, ko mita ta rantse da me.

Malam Habu Rewaya: Kawu, yanzu har robar suna canzawa. A nan Ƙofar Ruwa nawa take? Su sa sabuwar roba, su naɗe sitiyari da sabuwar fata, a wanke inji ya yi fes. Wannan dilan ma rowa ce ta hana shi gyara kujerar. Abba, kada ka ba da ko sisi sai an sa mata kwamfuta.

Bash Turbo: Ai ina da na'urar. Ƙaramar nan ELM327 da ake haɗawa da waya. In Oga Abba zai biya min kuɗin mota gobe ina Abuja.

Injiniya Sadiƙ: Bashir, ajiye abarka a aljihu. Ba raina ta na yi ba, tana da ranarta, amma ba wannan aikin ba ne.

Bari in yi bayani don kowa ya amfana. Soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD2, doka ce ta tilasta shi a kan motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, kuma saboda hayaƙi aka yi dokar. Shi ya sa abin da kowace ƙaramar na'ura ke iya karantawa a kowace mota bai wuce harkar inji da hayaƙi ba: lambobin matsala, zafin inji, iskar da ke shiga, da makamantansu. Jimillar tafiyar mota ba ta cikin wannan jerin a motocin wancan zamanin. Sai a sababbin motoci na 'yan shekarun nan aka ƙara ta. Motar 2011 ba za ta ba ka ba.

Abin da na'urarka za ta iya nunawa mai amfani shi ne nisan da motar ta yi tun ranar da aka goge lambobin matsala na ƙarshe, da kuma ko gwaje-gwajen da inji ke yi wa kansa sun kammala. In ka ga an rubuta kilomita 15 tun gogewa, ka san jiya-jiya wani ya share allo kafin mai saye ya zo. Wannan ma labari ne. Amma ainihin tafiyar motar, sai na'urar da ke jin yaren BMW, wadda za ta shiga kowane birenbos, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa wani sashe na mota, ɗaya bayan ɗaya. ISTA ta kamfanin, ko tsohuwar INPA a kan laftof, ko manyan Autel da Launch.

Abba Gwale: Injiniya, birenbos nawa ne a motar? Ni na ɗauka ɗaya ne.

Injiniya Sadiƙ: Sun fi ashirin, ya danganta da kayan da aka saka mata. Na inji daban, na giya daban, na birki, na fitilu, na jakar iska, na makulli. Wanda ya fi shafar maganarmu shi ne na makulli, CAS. A wannan ƙirar, lissafin tafiya yana zaune a mitar dashbod, yana kuma zaune a CAS, kuma suna tuntuɓar juna. In mutum ya rage na mita kaɗai ya bar CAS, da an kunna mota mitar za ta koma kan babbar lambar. In kuma aka ɗauko mitar wata motar aka dasa, lambar shasi ba za ta dace ba, sai wani ɗan ɗigo ya bayyana kusa da lambobin mita. Wannan ɗigon tambarin "an taɓa ni" ne. Har makullin kansa yana riƙe da lissafin tafiya da na sabis, shi ya sa a garejin kamfani suke saka shi a wata 'yar na'ura su karanta tun kafin su buɗe bonet.

Malam Habu Rewaya: Gaskiya ne Injiniya. Amma ka faɗa masa ɗaya ɓangaren. Masu wannan aikin ba yara ba ne. Wanda ya san hannunsa zai ciro CAS, ya rubuta sabuwar lamba a ciki, ya rubuta a mita, ɗigo ba zai fito ba. Wasu kuma wata 'yar na'ura suke maƙalawa a wayoyin bayan mita, ta tare saƙon da ke tsakanin su biyun. Na taɓa ciro irinta a wata 335i, an naɗe ta da baƙin salatif kamar ba komai. Mai motar shekara guda yana hawa bai sani ba.

Alhaji Garba Motoci: To, an fara. Duk ranar da aka yi maganar mita a gidan nan sai a mayar da dila ɓarawo. Shekarata goma sha tara ina wannan sana'a. Ku sani, mota kafin ta iso hannunmu ta bi hannu huɗu ko biyar: wanda ya saya a gwanjo a can, wanda ya gyara ta, wanda ya loda ta a jirgi, wanda ya fitar da ita daga kwastan. Sau da yawa mu ma haka muka same ta. Kuma ku masu saye ku ne kuka ɓata kasuwar. In na kawo mota mai mil 130,000 na gaskiya, lafiyayya, sai ku wuce ta ku je ku sayi ta maƙwabcina da aka mayar 60,000. To me kuke koya wa 'yan kasuwa?

Maman Hanif: Alhaji, da girmanka, amma wannan ba hujja ba ce. Don mutane suna son araha sai a yi musu ƙarya? Ni an yi min. Ba irin motar tseren nan taku ba ce, C300 ce ta kai yara makaranta. Mita ta ce 71,000. Bayan wata biyar giya ta fara fizga, na kai ta aka sa mata kwamfutar Mercedes, mai gyaran ya kira ni gefe ya nuna min abin da ke rubuce a wajen makulli. Ya kusa ninki biyu. Da na koma wajen wanda ya sayar min, cewa ya yi shi ma haka ya saya. Kowa haka ya saya, to wa ya juya? Aljani?

Alhaji Garba Motoci: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Ban ce daidai ba ne. Cewa na yi a raba laifin.

Admin Mukhtar: Jama'a a dawo kan motar Abba. Alhaji da Hajiya, za mu buɗe muku zaure na musamman ranar Lahadi.

Nura Jamus: Sannunku da gida. Yanzu na tashi daga aiki na tarar da saƙo sittin. Abba, kafin ma ka kashe kuɗin kwamfuta, turo lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, za ka gan su ta gilashin gaba a ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofa. Ka tabbatar biyun sun zama ɗaya. Tunda motar Amurka ce, akwai Carfax da AutoCheck, suna tara lambar mita duk lokacin da aka kai mota sabis ko aka sake mata rajista. In kuma ta bi ta gwanjon Copart ko IAAI, kamar yawancin waɗanda ake kawowa gida, to sun ɗauki hoton dashbod ɗinta a kunne, kuma hotunan nan suna daɗewa suna yawo a intanet.

Wani abu da zai taimake ka shi ne shekarar motar. A dokar Amurka da, in mota ta shekara goma ba dole ne mai sayarwa ya rubuta lambar mita a takarda ba. Daga farkon 2021 aka mayar da shi shekara ashirin, amma ga motocin 2011 zuwa sama kaɗai. Taka ta faɗo daidai kan layin. Da ta 2010 ce, da sai ka ga an rubuta cewa an ɗauke mata wannan dokar.

Abin dariya kuma, mu da muke kiran tsohuwar mota "Beljiyam", ita ƙasar Beljiyam ɗin tun 2006 ta toshe wannan ƙofar da takardar da suke kira Car-Pass. Duk garejin da ya taɓa mota sai ya aika lambar mitarta, kuma ba ka sayar wa mutum mota sai ka miƙa masa takardar. A Ingila ma da lambar mota kaɗai za ka ga tarihin MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta, da mitar kowace shekara.

Kawu Sale: Mu kuwa a nan takardarmu ita ce "wallahi Alhaji wata tsohuwa ce ke hawanta zuwa coci".

Bash Turbo: Kawu ka kashe ni. Tsohuwa da M3!

Abba Gwale: Nura na tura maka lambar ta akwatinka. Injiniya, na samu wani a Apo mai babbar Autel, ya ce zai bi ni wajen dilan gobe da safe. Me zan ce ya duba? Kada in je in tsaya kamar gunki.

Injiniya Sadiƙ: Yauwa. Abu na farko, kuma ka riƙe shi da kyau: kada ya goge komai. Yaran nan hannunsu na ƙaiƙayi, da sun ga lambobin matsala sai su danna gogewa don su burge ka. In ya goge, ya ƙona maka shaidu. Ka ce masa karatu kawai muke so.

Ya yi wa motar sikanin gaba ɗaya, ya adana rahoton. Sannan ya shiga mita da CAS ya karanto lambar kowanne. Bayan haka aikin gaske zai fara. Duk lokacin da wani birenbos ya ga matsala, ba lambar matsalar kaɗai yake rubutawa ba, yana haɗawa da kilomitar da motar take kai a lokacin. To ya buɗe kowace matsala, ta inji, ta giya, ta birki, ta fitilu, har ta kujera in akwai, ya duba kilomitar da ke jikinta. Mai juya mita yana gyara wuri biyu ko uku da ya sani. Ba ya bin ɗakuna ashirin yana shara. Kuma ban da rumbun matsaloli na fili, wasu birenbos ɗin BMW suna da rumbu na biyu na tarihi, wanda gogewar yau da kullum ba ta cika taɓa shi ba. Ya leƙa can ma.

Ya kuma duba lissafin sabis, wato saura kilomita nawa a canza bakin mai da birki, da sau nawa aka yi. In an yi sabis ɗin da ya fi ƙarfin lambar da ke mita, ka ga wata alamar.

Kai kuma da idonka ka duba taya. A gefen kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 3821 na nufin mako na 38 a 2021. Ba za ta gaya maka tafiyar mota ba, amma za ta gaya maka ko labarin dilan yana da kai.

Malam Habu Rewaya: Ka ƙara da duba sukurorin da suka riƙe mita. In bakinsu ya ci, an taɓa kwance ta.

*Washegari*

Abba Gwale: Jama'a an kama su! Muna wajen yanzu. Mita 58,404, amma kwamfuta ta karanto CAS 93,992. Sun zabge sama da dubu talatin da biyar! Na riga na fara yi wa yaron dilan masifa.

Bash Turbo: Innalillahi. Ɓarayi!

Injiniya Sadiƙ: Dakata Abba. Dakata. Ka daina masifar, ka ba yaron haƙuri. Dubi abin da ke gaban lambar. Mil aka rubuta ko km?

Abba Gwale: Km ne.

Injiniya Sadiƙ: To motar Jamus ce, cikinta da kilomita take lissafi, dashbod ne kawai ke juya maka shi zuwa mil saboda kasuwar Amurka. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Buga 58,404 sau 1.609 ka gani. Dubu casa'in da huɗu ba kaɗan. Wato mita da CAS bakinsu ɗaya.

Abba Gwale: Kai, na ji kunya wallahi. Har na ce masa Allah ya isa.

Alhaji Garba Motoci: Kun gani ko? Da yanzu an ɓata sunan bawan Allah a banza. Kwamfuta a hannun wanda bai iya ba ai makami ce.

Injiniya Sadiƙ: A nan kam Alhaji ka yi gaskiya. Amma ba a gama ba. Dacewar waɗannan biyun ba ta wanke motar ba, don su ne wurare biyun da kowane mai juyawa ke fara gyarawa. Abba, ku ci gaba. Ku shiga matsalolin ɗaya-ɗaya.

Kawu Sale: Ni dai ina nan kan kujerar nan da ta lotsa.

Abba Gwale: To ga abin da muka samu. Birenbos ɗin inji fes yake, babu matsala ko ɗaya, kuma ya nuna kilomita 41 tun da aka goge. Amma a na birki akwai tsohuwar matsalar sensar taya ta baya, an rubuta ta a kilomita 166,840. A na fitilu akwai ta ƙwan baya a 161,200 da wani abu. Yaron Apo ya ce a na giya ma ya ga wata a wajen 158,000. Wannan karon na duba sau uku, duk km ne.

Malam Habu Rewaya: Shi ke nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Alhaji Garba Motoci: Ku bi a hankali dai. Motar gwanjo ce, wataƙila ta yi hatsari. In famfon birkin ya lalace aka sayo na Beljiyam aka saka, ai da tarihin tsohuwar motarsa zai zo. Ni kaina an taɓa mayar min da mota saboda irin wannan, alhali birenbos ɗin giya ne kawai aka canza.

Injiniya Sadiƙ: Wannan tambaya ce mai kyau, kuma tana faruwa sosai. Shi ya sa ba a yanke hukunci da birenbos ɗaya. Hanyar rabewa biyu ce. Da yawansu suna ɗauke da lambar shasin motar da aka saita su a kanta, da ranar da aka ƙera su. Abba, ka ce ya karanto. In lambar wata motar ce, ko ranar ƙirar ta yi nisa da ta motar, to maganar Alhaji ta tsaya. Na biyu kuma hankali ne kawai. A ce an canza na birki, an canza na fitilu, an canza na giya, kuma duka ukun daga motocin da suka yi tsakanin 158,000 da 167,000 aka ciro su? Sai dai in mota guda aka kwashe aka zuba a wannan.

Abba Gwale: Ya duba. Na birki da na fitilu duk lambar shasin motar ce a ciki.

Nura Jamus: Ni ma ga nawa. Na samo hotunan gwanjonta. Fara ce, an buge ta ta gaba ɓangaren dama, fitila da bamba sun tafi, jakar iska ba ta fashe ba. Hoton dashbod yana nuna 104,212, kuma mil ne. In ka juya shi kilomita ya kama 167,700 da 'yan kai. Ka ga matsalar sensar nan ta 166,840 ta faru ne saura ƙasa da kilomita dubu a kai ta gwanjo. Komai ya hau kan layi. Na tura maka hotunan.

Maman Hanif: Mil dubu arba'in da biyar da ɗari takwas suka cinye. Allah ya kyauta.

Kawu Sale: Ku mayar min da shi yaren da na sani. Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu ce. Wato an ɓoye zuwa da dawowa sama da talatin da biyar. Kujera dai ta faɗi gaskiya tun jiya, ku ne kuka tsaya jiran kwamfuta.

Injiniya Sadiƙ: Kawu, kujera ta yi zargi, kwamfuta ta kawo lamba. Da kujera kaɗai Abba zai je, dila zai ce mai motar ƙato ne.

Bash Turbo: To ni tambayata, in mai juyawar ya ƙware ya bi duk birenbos ɗin ya share fa? Shi ke nan ba a kama shi?

Injiniya Sadiƙ: Zai yi wuya a kama shi ta nan, sai a koma kan takardu da jikin mota. Amma wasu motocin suna da wani shaidan daban. Porsche misali, 911 ko Cayman. Birenbos ɗin injinsu yana ƙirga awannin da inji ya yi yana aiki. Sai ka raba kilomita da awanni ka ga matsakaicin gudun motar a duk rayuwarta. A ce mita ta nuna 94,000, awanni 2,300, ya kama wajen kilomita 41 a awa, wannan ba abin mamaki ba ne. In kuwa awannin 4,500 ne, ya faɗo 21, sai ka fara tambaya. Kuma yana rubuta duk lokacin da aka wuce da inji iyakar juyawarsa, a matakai shida a ƙirar 997 da 987, da awar da abin ya faru na ƙarshe. A motar tsere wannan ya ma fi mita muhimmanci, don direba ɗaya da ya jefa giya ta biyu a maimakon ta huɗu yana cikin gudu zai yi wa inji ɓarnar da tafiyar shekara biyar ba ta yi ba. Na'urar PIWIS ko Durametric ke karanto shi.

Alhaji Garba Motoci: Wannan lissafin awannin a Turai yake aiki. Motar da ta zauna a Legas, tana gosulo a gadar Third Mainland awa biyu kullum, direba kuma ya bar ta a kunne da AC yana jiran oga, ai ko 15 za ka gani kuma ba wanda ya taɓa mitarta.

Injiniya Sadiƙ: Na yarda. Ga wadda aka hau a gida lissafin yana rauni. Amma ka lura, injin da ya yi awa 4,500 ya yi su, ko a tsaye ko a guje. Mai saye ya kamata ya sani.

Abba Gwale: To yanzu ni ya zan yi? Gaskiya har yanzu ina son motar. Dilan da kansa ya fito, na nuna masa hoton Nura. Bai yi musu ba, ya ce shi a Legas ya saye ta haka, kuma zai rage min wani abu.

Maman Hanif: Ka ji ko? "Haka na saya." Ƙanena ka taka a hankali. Wanda ya ɓoye wannan me kuma ya ɓoye? Ya gaya maka ta yi hatsari kafin ka nuna masa hoton?

Abba Gwale: A'a Hajiya. Cewa ya yi ko ƙwarzane babu.

Malam Habu Rewaya: Ni ba zan ce kada ka saya ba, amma ka san abin da kake saya. Injin nan S65 yana juyawa har 8,400, kuma duk wanda ya san shi ya san lagonsa biyu: metal ɗin kwanrod, da 'yan injinan lantarki guda biyu masu buɗe totur da ke tsakiyar injin. A mil dubu hamsin da takwas mutum zai iya cewa da sauran lokaci. A dubu ɗari da huɗu, ba tare da takardar da ta nuna an taɓa canza metal ba, ni ba zan taka ta da ƙarfi ba sai an sauke tankin bakin mai an canza su. In ya yi nokin, kuɗin wani injin zai sayi Corolla mai kyau. Ga man da take sha, 10W-60, ba kowane shago ke da na gaske ba. Kuma kada ka manta an goge birenbos ɗin inji kilomita 41 da suka wuce. Me aka goge? Ka ce su bar ka ka yi tafiya mai ɗan nisa da ita, Abuja zuwa Gwagwalada ka dawo, a sake sa kwamfuta. In totur ne ke ciwo zai iya dawowa.

Alhaji Garba Motoci: Tunda abin ya tabbata, bari in yi maka maganar 'yan kasuwa. Kada ka karɓi "zan rage wani abu". Ka nemi farashin mai mil dubu ɗari da ta taɓa hatsari, daga nan za a fara ciniki, sannan a cire kuɗin metal da aikin. Kuma a rubuta ainihin lambar a takardar ciniki, ku sa hannu ku biyu da shaidu, don ranar da za ka sayar kada kai ma ka zama mai cewa haka na saya. In ya ƙi rubutawa, ka kama hanyarka. Turo min lambarsa ta akwati, wataƙila na san ubangidansa.

Maman Hanif: Yau kam Alhaji na sara maka.

Bash Turbo: Oga Abba in ka fasa, ni fa har yanzu ina ciki.

Kawu Sale: Bashir, je ka biya bashin tayar Golf ɗinka tukuna.

Abba Gwale: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na gaya masa sharuɗɗan. Ya yarda da zuwa Gwagwalada gobe ƙarfe goma, amma ya ce maganar rubutawa sai ya yi shawara da wanda ya kawo motar. Ban ba da kafin alƙalami ba. Injiniya, yaron Apo ya turo min rahoton gaba ɗaya, shafi goma sha ɗaya, zan tura maka yanzu. Akwai wata lamba a na giya da ya ce bai gane ta ba.

Injiniya Sadiƙ: Turo. Kuma gobe ka je da wuri, tun kafin su tayar da ita. Ina so ka ɗauko min sautin injin a waya lokacin da aka yi mata ki na farko da sanyinta.